Wuƙar Hagu ta Kakata

Ranar wata Alhamis ce, a shekarar da haƙorana na gaba suka faɗi. Ruwa ya ɗauke, an haƙe citta an jibge ta a tsakar gidanmu har tulin ya kusa taɓa bakin rumbu. Ƙauyenmu ba shi da nisa da Kafanchan, in iska ta juyo ta wajenmu har kukan jirgi muke ji sa'ad da yake shiga tasha. Matan gidanmu da na maƙwabta sun baje tabarmi a inuwar mangwaro, kowace ta miƙe ƙafafu, kwando a gefe, wuƙa a hannu, ba abin da ke tashi sai ƙarar tsaga da hira da atishawa, don ƙamshin ɗanyar citta ba ya tsayawa a hanci, har ƙwaƙwalwa yake hawa. A ranar ne Mama ta ce na yi girman da zan zauna a tabarma. Ta ajiye mini wuƙarta a ƙasa a gabana, don a gidanmu ba a miƙa wa mutum wuƙa hannu da hannu, ni kuma na ɗauka da murna. Ban gama ɗagawa ba na ji saukar ƙotar wata wuƙa a bayan yatsuna. Gwaggo Rifkatu ce, yayar Babana, wadda take aure a tsallaken rafi, amma ba a yin wani aiki a gidanmu ba ta zo ta tsaya a kai ba. Ta ce, "Wane hannu ne wannan?" Hagu ne. Ni bahaguwa aka haife ni.

Na mayar da wuƙar hannun dama. Ita citta ba yanka ta ake yi ba, tsaga ta ake yi a kwance, ta rabu gida biyu daidai wa daida, don in ɓari ɗaya ya fi kauri ba zai bushe tare da ɗan'uwansa ba, sai ya yi fumfuna a cikin buhu ya ɓata sauran, masu saye su ture buhun da ƙafa. Hannuna na dama kuwa ba ya jin magana, duk abin da na tsaga sai ya fito gefe tudu gefe kwari. Da na ga hira ta ɗauke hankalin Gwaggo, sai na sulale wuƙar zuwa hagu, ina ganin shi ke nan na huta. Ina dannawa bakin wuƙar ya ƙi bin inda na nufa, ya goce, ya shige babban yatsana na dama. Jini ya zuba a kan cittar mutane. Tabon yana nan har yau, fari, kamar an ja zare. Gwaggo ko tashi ba ta yi ba, ta dubi Mama ta ce, "Ki cire ta daga nan. Wannan ranar da ta miƙa wa surukinta ruwa da hannun bayan gida, a ranar za a dawo mana da ita da kayanta." Mata suka yi dariya. Mama ta sunkuyar da kai, ta ce in tashi.

Ku 'yan yanzu za ku ce mene ne abin kuka a kan tabarmar citta. To, a wancan zamani a tabarmar nan ake sanin wace ce mace. Ni ban yi boko ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Yayyena maza aka kai makarantar mishan, mu mata aka bar mu da rafi da murhu da gona. Abin da yarinya ta tsaga, ana ware mata kaso a ciki, daga shi ake yanko mata zanen Kirsimati da ɗankwali. Iyayen samari sukan zo wai taya aiki, alhali idonsu yana kan hannun 'yan mata, suna duba wadda kwandonta ke cika da wuri, wadda tsagarta ke fita sumul. Wadda aka kora daga tabarma kuwa, aikinta shi ne zama a kan falalen dutse inda ake shanya, tana korar awaki da kaji, tare da yaran da ba su daina yawo tsirara ba. Can aka tura ni, da yatsa a baki.

Ba ranar aka fara yaƙi da hannuna ba. An ɗaure shi da tsumma a jikin ƙuguna lokacin cin tuwo, an shafa masa barkono, an buge shi da muciya har ba na iya tuna sau nawa. Na koyi ci da dama, gaisuwa da dama, jefa baiko a majami'a da dama. Amma in ana 'yar carafke a ƙofar gida, ba babba a kusa, na saki hagun nan, ba yarinyar da ke kai ni a unguwar. Da shi nake jefo mangwaro daga reshen da maza suka kasa. Yayana ya taɓa ba ni labarin yadda malaminsu ke bugun wani yaro bahago da gefen rula har ya daina iya riƙe alli, na ce a raina gara da ba a kai ni ba.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa buge mini hannu ba, ita ce Kaka Laraba, mahaifiyar Babana, wadda aka sa mini sunanta, shi ya sa take kirana Takwara. Gajeriya ce, mai kaurin murya, ita ce ungozomar ƙauyenmu da ƙauyukan da ke kewaye. Wasu tsofaffi ƙwarya suke tarawa, wasu kwanukan ado, ita Kaka wuƙaƙe take tarawa. Suna naɗe a cikin jemammiyar fatar akuya, a cikin wata tsohuwar tukunya ƙarƙashin gadonta, sun fi yatsun hannuwa biyu yawa. Ranar Asabar da yamma takan fito da su ta baje, ta goge kowace da toka, ta shafa mata man kaɗe saboda tsatsa, ni kuma ina tsugune ina kallo, hannuwana a baya, don sharaɗin kallon ke nan. A nan na san askar yankan cibiya, siririya kamar ganyen ciyawa, wadda ta gada wurin uwarta, ba ta taɓa taɓa wani abu ba in ba cibiya ba, kuma sai an dafa ta an ratsa da ita cikin wuta kafin a je da ita ɗakin haihuwa. Akwai gajeriya mai faɗin ciki ta fere gwaza da rogo, da 'yar mitsitsiyar da ake ɓoyewa a tafin hannu ana yanko kan dawa. Wata mai lanƙwasasshen baki, ta kankare cikin ƙwarya, wurin wata Bafulatana ta samo ta, wadda naƙuda ta kama a hanyar kasuwa da tallan nono a ka. Akwai kuma wata mai sheƙi, mai naɗewa, da wani ma'aikacin jirgi ɗan kudu ya ba ta ranar sunan ɗansa. Ita muka fi so mu yara, amma Kaka ba ta ganin ta da gashi, takan ce wannan ado ce, ta zo rakiyar masu aiki.

Ba ta yarda wuƙa ta yi aikin 'yar'uwarta ba. In ta ga an ɗauki ta nama ana yanka kubewa, ranar gidan ba zaman lafiya. Mutane har kawo mata wuƙa suke yi ta duba musu kafin su biya maƙeri. Sai ta ɗaga ta wajen rana ta rufe ido ɗaya ta bi bakin da kallo, ta ɗora ta a kan yatsa ta ga inda nauyin ya zauna, sannan ta ɗalle ta da farce ta kai kunne. "Saurara," takan ce, "mai kyau tana daɗewa tana magana. Wannan ta yi shiru tun ban sauke hannu ba, mayar masa." A can ƙarshen fatar kuwa akwai wata baƙa, mai ƙotar ƙirya, wadda ita ma ake shafa wa mai, amma ba a taɓa ganin ta a tabarma ba. Duk wanda ya tambaya, amsar Kaka ɗaya ce: "Rabu da ita, karkatacciya ce, maƙeri ya ɓata ta. Tausayi ya hana ni yar da ita." Kowa a gidan ya san wannan magana, har mu yara muna kwaikwayon muryarta da ita.

A ranar da na yanke, da rana ta yi tsaka mata suka watse zuwa girki, sai Kaka ta hau dutsen shanya ta same ni. Ta tauna wani ganye ta manna a yatsan, ta ɗaure da tsumma, ta ce in biyo ta. Bayan rumbunta muka zaga, wani lungu tsakanin rumbu da danga inda ba mai leƙawa, inda kowa ya san Kaka takan keɓe ta tsaga tata cittar wai don surutun mata yana sa mata ciwon kai. Ta zauna, ta ciro baƙar wuƙar nan daga ƙugunta, ta ajiye a ƙasa. Ta duba dama da hagu. Sannan ta miƙa hannun hagu ta ɗauka.

Ban taɓa ganin tsaga irin wannan ba, kuma ban sake gani ba. Cittar kamar buɗewa take yi da kanta, ɓari biyu suna faɗawa kwando kamar tagwaye, kafin su gama sauka ta ɗauko wata. Matar da na saba gani a tabarma tana tsaga da dama a hankali, ana cewa tsufa ne, ita ce hannunta ke gudu har idona ya kasa bi. Da ta ga bakina a buɗe sai ta yi dariya, ta juya mini tafin hannun, ta nuna mini wani tsohon tabo mai ƙyalli a tsakiya. Ta ce garwashi ne, uwarta ta ɗora mata tun tana kamar ni, ba don ƙiyayya ba, don ta samu miji. Daga nan ta nuna mini sirrin. Wuƙar citta a wajenmu fuska ɗaya ake wasa mata, ɗaya fuskar a bar ta a shafe, don gangaren ya riƙa ture ɓarin da aka tsaga gefe, shafaffiyar fuskar kuma ta riƙe hanya. Duk wuƙaƙen matan ƙauyen domin hannun dama aka wasa su. In bahago ya riƙe, gangaren ya koma ciki, dole ta goce. Ba hannuna ne ya yi laifi ba, wuƙar Mama ce ba tawa ba. Ita wannan baƙar, gangarenta yana ɗaya fuskar, kuma a jikin ƙotar an fafe ɗan gurbi daidai babban yatsan hagu.

Wani maƙeri ne a kasuwar Kafanchan, Malam Sule, ya ƙera mata tun tana amarya. Ta ce ta je sayen wuƙa, ta shagala da kallo ta ɗauki ɗaya da hagu, ta yi maza ta sauya hannu. Ya gani, sai ya ce waɗannan duk an yi cinikinsu, ta dawo kasuwa mai zuwa. Da ta dawo ya tura mata wannan a kan buzu, ya ci gaba da zuga wutarsa. A lokacin ƙarfe mai kyau yana da wuya, saboda haka jikin wuƙar baƙin ƙarfe ne mai laushi, sai ya samo guntun ƙarfen ƙarƙashin taragon jirgi, ya buge shi ya yi siriri, ya manna shi a shafaffiyar fuskar kaɗai. A nan duk kaifin yake zaune.

Ta ajiye ta a gabana. Na ɗauka, yatsana bai cika gurbin ba, amma na danna, cittar ta rabu biyu sumul. Na yi kuka fiye da wanda na yi da safe. Kaka ta ce, "Share hancinki, Takwara, kada ki sa mini gishiri a citta. In na mutu taki ce. Amma bakinki." Na ce ta faɗa wa Gwaggo mana, ko a bar ni in koma tabarma. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta, sannan ta ce, "Wace mace za ta yarda bahaguwa ta tari ɗanta? Rabin garin nan a hannuna suka faɗo. Na sha wuta a kan hannun nan, ba zan sha dariya da furfura ba."

Haka muka yi shekaru. A idon mutane ni ce yarinyar da ta kasa tsaga, mai rakiyar tsohuwa, mai riƙe mata kwando. A bayan rumbu kuwa muna karɓa-karɓa da wuƙa ɗaya, tana tsagawa ina jerawa, ina tsagawa tana gyara mini zama, tana cewa in daina kokawa da ƙarfe, in nuna masa hanya kawai in bar shi ya wuce. Ta koya mini washi a wani dutse mai santsi a bakin rafi, can sama da inda ake wanki: gangaren kaɗai ake gogawa, shafaffiyar fuskar sau ɗaya ake lasar da ita a dutse a ɗauke. Mata suna ta mamakin yadda kwandon tsohuwa ke cika, suna cewa Ubangiji ya sa wa hannunta albarka. Sa'o'ina suna yanko zanen Kirsimati da guminsu, ni Kaka ke yanko mini, ana cewa gata ne. Abin yana ci mini rai, amma ina da abin da nake jira.

Sau ɗaya ta tafi da ni wurin Malam Sule. Na tuna hayaƙin gawayi, da numfashin zuga-zugi, da wuƙaƙe jere a kan buzu kamar kifi a faranti. Ya tambayi lafiyar baƙar wuƙar, ya ce, "Ungozoma, yaya ƙawarki, tana nan tana ci?" Ta ce tana nan, ta fi shi lafiya. Ya miƙo mini gyaɗa, ni kuwa hankalina yana kan tartsatsin wuta, na karɓa da hagu. Ya dube ni, ya dubi Kaka, ya ce in hannuna ya gama girma a kawo ni ya auna. Kaka ta ce, "Ba sai ka wahala ba, tawa za ta gada. Yanzu ai hannunka ya fara rawa." Ya yi dariya har da tari, ya ce ita ma nata ba jiya aka haife shi ba.

Da damina Kaka ta rasu, a shekarar da na fara ɗaura zane a ƙirji. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, kuma tun rana ta biyu bakinta ya rufe. A al'adarmu, in an tashi daga zaman makoki, matan dangi ke raba kayan mamaciya: 'ya'yanta mata su fara zaɓa, sannan matan 'ya'yanta. Jika ba ta da kaso, sai in mamaciyar ta ambace ta da bakinta a gaban shaidu. Aka taru a inuwar mangwaron nan, har da tsofaffin matan zumunta na majami'a da suka zo addu'a. Aka raba zannuwa, aka raba tukwane, sannan aka warware fatar akuya. Ina tsaye a bayan Mama ina kallo suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Askar cibiya aka ba matar da Kaka ta koya wa aikin. Mama ta samu ta gwaza. Na yi ta addu'a a raina kada kowa ya kula baƙar, a bar ta a kan fata kamar yadda ake barin tsumma. Saura kaɗan a yi haka. Sai Gwaggo Rifkatu ta ɗauke ta, ta ɗalle ta da farce yadda ta ga uwarta tana yi, ta ce, "Karkatacciyar nan ƙarfenta da magana. Maigidana zai daidaita mata baki."

Yarinya ba ta magana a wurin rabo. Ni na yi. Na ce tawa ce, Kaka ta ba ni. Gwaggo ta tambaye ni a gaban wa. Na ce a bayan rumbu, wasu suka yi murmushi. Sai na ce ba karkatacciya ba ce, ta hagu ce, don Kaka bahaguwa ce kamar ni, a duba gurbin yatsa. Na ga fuskokin tsofaffin nan, waɗanda duk 'ya'yansu a hannun Kaka suka faɗo, sun ɗaure. Gwaggo ta miƙe, idonta ya kawo ruwa, don ita ma uwa ta rasa, ta ce, "Uwata, da ta yanke miki cibiya, ko ƙasar kabarinta ba ta zauna ba, za ki shafa mata abin da ke jikinki saboda kwaɗayin guntun ƙarfe? Duk nan wa bai ji ta da bakinta ta ce karkatacciya ce ba?" Kowa ya ji. Ni ma na ji. Mama ta ja ni da ƙarfi zuwa ɗaki, na zaci duka zan sha. Sai ta zaunar da ni a bakin gado, ta ce a hankali, "Ko gaskiya ne, ba yau ba." Daga yadda ta faɗa na gane ta daɗe da sani.

Da aka sake haƙe citta, Gwaggo ta zo tabarma da ita. Daga kan dutsen shanya na gangaro don in gani. Mijinta mutumin kirki ne, mai son gyara, ya zauna ya goge shafaffiyar fuskar a kan dutse har ya fitar mata da gangare irin na kowa, ya kuma sassaƙe ƙotar ya shafe gurbin yatsa. Bai san abin da ya goge ba shi ne siririn ƙarfen jirgin. Abin da ya rage baƙin ƙarfe ne mai laushi, kafin a cika kwando ya dakushe. Gwaggo ta wasa, ta sake wasawa, daga baya ta jefa ta gefe ta ce ashe uwarta ta yi gaskiya, maƙeri ya cuce ta. Bayan wannan na riƙa ganin ta a gidansu ana kankare ƙanzon tukunya da ita.

Sai da na zama cikakkiyar budurwa, ina kai citta kasuwa da kaina, sannan na koma maƙerar. Malam Sule ya tsufa, idonsa ya yi hazo, ɗansa ne a kan aiki. Na gaya masa ko ni wace ce, na ba shi labari. Sai ya ce, "Allah ya jiƙan kakarki. Ai bahaguwa ce, ni na ƙera mata. Da an zo an tambaye ni." Wa zai tambaya? Ya sa ɗansa ya auna tafin hannuna da tsinke, aka ƙera mini tawa da ƙarfen mota. Wuƙa ce mai kyau, ban raina ta ba. Da ita na koma tabarma, na zauna a tsakiya, na ɗauka da hagu a gaban kowa, na jira mai magana. Kafin rana ta karkata na cika abin da mata biyu ba su cika ba, kuma tun daga ranar har ƙarfina ya ƙare ba wadda ta taɓa riga ni tashi daga kan tuli a ƙasar nan, a tambaya. Na yi aure, na miƙa wa surukina ruwa da dama, na tsaga masa citta da hagu, ba a dawo da ni ba. Amma in na ɗalle tawa na kai kunne, tana yin shiru da wuri. Ta Kaka takan raka ka har ka gaji da saurare.

Ni da Gwaggo ba mu sake tayar da zancen ba. Ta tsufa ƙwarai, ni na riƙa kai mata kunu a ƙarshe. Ana saura kaɗan ta rasu ta aiko 'yarta da wani ƙunshin tsumma, ba saƙon baki, aka ajiye mini a ƙasa a bakin ƙofa. Na buɗe, ita ce, ta zaizaye ta koma kamar tsinken tsire, ba ta dama ba, ba ta hagu ba.

Yanzu ni ma ina da fatar akuyata, kuma ta fi ta Kaka nauyi. Na tara daga maƙeran Kafanchan, na samo a Jere, akwai wadda aka kawo mini daga Kauru, duk na sa an wasa su yadda hannuna yake so. Sai dai tabarmar ce babu. Inji ke tsaga citta, yana ƙara yana tofar da ita yadda ya ga dama, kauri da siriri duk buhu ɗaya. Matan 'ya'yana wuƙar kanti suke saye mai ƙotar roba, ita ce ta nama, ita ce ta albasa, ita ce ta buɗe gwangwani, in ta dakushe a yar a sayo wata. Jikata da ke jami'a a nan Kafanchan bahaguwa ce, da hagu take rubutu, da shi take latsa waya, ba wanda ya taɓa ɗaure mata shi. Na ji daɗin wannan, Allah ya sani. Amma citta ba ta taɓa tsagawa ba.

Duk da haka, Kirsimatin da ya wuce, bayan an taso daga sujada, na tara 'ya'ya da jikoki da maƙwabta biyu, na warware fatar, na ɗaga kowace wuƙa na faɗi aikinta da sunan wanda zai gaje ta, da ƙarfi, har suna dariya suna cewa Mama ai ba yau za ki mutu ba. Na ce ku dai ku ji. Baƙar kaɗai ban ba kowa ba, ba kuma wanda ya tambaya. Ranar Asabar nakan shafa mata mai tare da sauran, kuma duk sa'ad da na riƙe ta, babban yatsana yakan je neman gurbin da babu. Ba na ganin laifin Kaka, don na ga tabon da ke tafin hannunta. Amma da ta faɗa wa ko da babba ɗaya ne a gidan ban da ni, da har yau wuƙar nan tana magana.